Amsar Tambaya: Injin Gudu ko Ƙasa, Wanne Ya Fi wa Kare?

Tambaya: Malam, ina zaune a Danau Kota da ke Kuala Lumpur, karen gadina ya fara teɓa. In saya masa injin gudu ne, ko in riƙa fita da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙasa ta fi, nesa ba kusa ba. Mafarautanmu na Kano da Katsina ba su san inji ba, amma dubi karnukansu da rani, ciki a ɗame, ba sa gajiya da wuri. A ƙasa kare yana shan kwana, ya hau tudu, ya taka yashi da ciyawa, kowace gaɓa na aiki. Ga sansanar hanya da ke kwantar masa da hankali. Inji kuwa miƙe yake ɗoɗar, kuma wanda aka ƙera wa mutum gajere ne, sai babban kare ya riƙa taƙaita taku.

Sai dai Malesiya ba Katsina ba ce. Zafi yakan kai digiri 33, ga iska mai laima, kare kuma da haki yake sanyaya jiki. Ka fita da shi da asuba. Ka dafa kwalta da bayan hannu. In ta ƙona ka, tafinsa ma za ta ƙona. Wuraren shaƙatawa da yawa sun hana kare, amma na Desa ParkCity yana bari, da igiya a wuya. Ka kuma mallaki lasisin kare daga hukumar birnin, wato DBKL.

Ranar ruwan sama inji zai yi rana. Fara da minti 5 a hankali, kana tsaye kusa, kuma kada ka kuskura ka ɗaure shi a jikin injin.