Me ake nema a hirar teburin mai shayi?

Tambaya: Ƙanena yana digiri na biyu a sashen nazarin harshe. Aikinsa kullum naɗar hirar mutane a teburin mai shayi, ya dawo gida ya toshe kunne yana auna tsawon shirun da ke tsakanin maganar wannan da ta wancan. Don Allah wannan ma karatu ne? (Daga wata mai karatu a Gusau)

Amsa: Karatu ne, Malama, kuma ba yau aka fara shi ba. A shekarun 1960 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Harvey Sacks, ya duƙufa kan sauraren kiran wayar da mutane ke yi wa wata cibiyar ceton masu niyyar kashe kansu a Los Angeles. Ya lura cewa hirar da muke ɗauka ta kara zube ce tana da ƙa'ida. A 1974 shi da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson suka fitar da maƙalar da ta zama tushen fannin nazarin hira, kan yadda mutane ke karɓa-karɓar zance ba tare da alƙali ba.

Shirun da ƙanenki ke aunawa, nan gizo ke saƙar. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta a Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, ƙasar Holan, sun kwatanta harsuna 10, daga Japananci da Ingilishi har zuwa Tzeltal na Meziko da wani harshe na Namibiya. Sun duba tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a. Tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa, a matsakaici, milisakan 200 ce da 'yan kai, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Japanawa ne suka fi sauri, mutanen Denmark suka fi jinkiri, su ma ba su cika rabin sakan ba.

To ga abin mamakin. Ƙwaƙwalwa na buƙatar kusan milisakan 600 kafin ta shirya kalma guda ta miƙa wa baki. Ke nan tun mai magana bai dire ba, mai sauraro ya hango inda zai tsaya, ya riga ya haɗa amsarsa. Shi ya sa jinkiri kaɗan ke da ma'ana. Ki ce wa maƙwabciya, "Za ki raka ni biki gobe?" In ta ɗan yi jim kafin ta ce "To...", kin san ba za ta ba. Binciken su Stivers ya nuna amsar a'a ta fi ta i jinkirin fitowa a dukkan harsunan.

Hausa ba ta cikin goman nan, kuma a ganina nan ne aikin ƙanenki ke da daraja. Mu da muke gaisawa muna haɗa baki, "ina gajiya" na hawa kan "lafiya lau" ba wanda ya ce an tari numfashinsa. Mu da yaro kan sunkuyar da kai ya yi shiru gaban surukinsa a kira shi mai kunya, akwai abin aunawa a wurinmu.

Ki dai tambaye shi ko yana neman izinin mutanen kafin ya kunna na'urar. Naɗar muryar mutum a ɓoye ya saɓa wa ƙa'idar bincike.