Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Auna Bukatar Masu Saye Kafin A Zuba Jari

Babbar tambayar da ke gaban duk mai shirin ƙera sabuwar haja ita ce: mutum nawa za su saya, kuma a kan nawa? Idan kasuwa mai faɗi ce, kamar ta sabulu ko ta gishiri, kuskuren ƙiyasi ba ya kai mai jari ƙasa, domin abin da bai shiga yau ba zai shiga gobe. Amma idan 'yar ƙarama ce, kuskure kaɗan ya isa ya cinye uwar kuɗi. Darasinmu na wannan karo zai duba ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan kasuwanni, watau ta taragun kwaikwayo na ɗaukar dabbobi na ƙasar Ailan, domin a wurin da masu saye ba su da yawa ne ƙa'idojin auna bukata suka fi fitowa fili.

Mece ce hajar?

A ƙasashen Turai akwai mutane, galibi manya masu abin hannu, waɗanda sha'awarsu ita ce gina ƙaramin layin dogo a cikin ɗaki, da tasha da jirage da taragu, duk a kwaikwayon na gaskiya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Birtaniya da Ailan shi ne wanda ake kira OO, inda milimita 4 ke wakiltar ƙafa ɗaya. Ke nan taragon da tsawonsa ya kai ƙafa 14 zai koma milimita 56, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wasu taragun ana sayar da su a haɗe. Wasu kuwa a ƙunshi suke zuwa, sassa-sassa, mai saye ne zai harhaɗa, ya manne, ya yi fenti. A kan wannan ƙunshi muke magana.

Dalilin da ya sa ake neman taragun dabbobi yana cikin tarihi. Shekaru da dama fataucin shanu na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin jiragen ƙasa na Ailan. Akan ɗebo shanu daga kasuwanni irin su Ballinasloe zuwa tashar jiragen ruwa ta North Wall a Dublin, daga nan a tsallaka da su Birtaniya. Layin da ya haɗa Sligo da Enniskillen da jigilar shanu ya fi dogara har aka rufe shi cikin 1957. Layin Tralee zuwa Dingle kuwa, a shekarunsa na ƙarshe kafin rufe shi cikin 1953, jirgin shanu kawai yake ɗauka sau ɗaya a wata saboda ranar kasuwar Dingle. Hukumar sufuri ta ƙasar, CIÉ, wadda aka kafa cikin 1945, ta daina jigilar dabbobi a jirgin ƙasa cikin 1975. Saboda haka duk mai son kwaikwayon tashar karkara ta wancan zamani ba shi da makawa sai ya nemi waɗannan taragu.

Mataki na farko: iyakance kasuwa

Kuskuren da sabon ɗan kasuwa ya fi yi shi ne ya ɗauki duk mai sha'awa a matsayin mai saye. A ƙidayar 2022 Jamhuriyar Ailan tana da mutum miliyan 5.1, Ailan ta Arewa kuma miliyan 1.9 a ƙidayar 2021. Masu wannan sha'awa kaɗan ne a cikinsu, ko da an haɗa da na ƙetare, kuma da yawansu jiragen Birtaniya ko na Amurka suke kwaikwaya. Cikin ragowar ma sai an sake tacewa.

Da farko akwai zamani. Wanda ke kwaikwayon layin dogo na bayan 1975 ba ya bukatar taragon shanu ko ɗaya. Na biyu akwai kamfani. Taragon Great Northern Railway, wanda aka raba kadarorinsa cikin 1958, ya sha bamban da na Great Southern Railways da aka kafa cikin 1925, kuma masu saye suna lura da wannan bambanci ƙwarai. Na uku akwai faɗin layi. Babban layin Ailan ƙafa 5 da inci 3 ne, ya fi na Birtaniya mai ƙafa 4 da inci 8 da rabi. A ma'aunin OO daidai faɗinsa shi ne milimita 21, amma akasarin mutane da layin milimita 16.5 suke aiki domin shi ake samu a kanti. Layin Dingle kuwa ƙafa 3 ne, watau milimita 12. Na huɗu, ba kowa ke da hannu ko haƙurin harhaɗa ƙunshi ba. Kowace tacewa tana rage adadi, kuma abin da ya saura shi ne kasuwa.

Mataki na biyu: ƙidaya haja, ba kawuna kaɗai ba

A nan taragon shanu yana da wata fa'ida. Mutum zai iya wadatuwa da kan jirgi guda ɗaya, amma jirgin ranar kasuwa jerin taragu ne masu yawa, saboda haka mai saye ɗaya yana iya neman biyar ko goma. Tambayar da ta dace ita ce guda nawa zai saya, a kan wane farashi, kuma yaushe. Sai dai a kiyaye: idan rabin odar daga hannun mutum uku ta fito, janyewar ɗaya daga cikinsu ta isa ta rushe lissafi. Haka nan kuma, mai son guda goma ya fi mai son ɗaya damuwa da farashi, domin ƙarin Yuro 5 a gare shi Yuro 50 ne.

Mataki na uku: sanin inda faɗuwa ta tsaya

Kuɗin ƙira iri biyu ne. Akwai wanda za a kashe sau ɗaya ko da guda nawa za a yi, kamar binciken zanen asali a ma'ajiyar tarihi irin ta Irish Railway Record Society, da zane, da samfurin gwaji, da mazubi. Akwai kuma wanda ke bin kowane ƙunshi, kamar kayan ƙira, ƙafafu, kwali da takardar bayani.

Mu ƙaddara, domin misali kawai, cewa kashi na farko ya ci Yuro 2,400, kowane ƙunshi kuma yana cin 20, ana sayar da shi 35 bayan cire haraji. Rarar kowane ƙunshi 15 ce, ke nan sai an sayar da 160 kafin jari ya dawo. Idan ta hannun kanti za a sayar, mai ƙira ya tashi da 28, rara ta koma 8, adadin kuma ya hau zuwa 300. Yanzu a ce mutum 60 sun nuna sha'awa, kowa guda 4. A takarda 240 ke nan, riba ta tabbata. Amma idan rabinsu kaɗai suka biya, 120 aka sayar, an faɗi da Yuro 600. Hajar ba ta canza ba, farashi bai canza ba, cika alkawari ne kawai ya yi ƙaranci.

Wannan lissafi ne ke zaɓa wa mai ƙira hanyar aiki. Zuba narkakkiyar roba a mazubin ƙarfe yana bukatar jari mai nauyi, ba ya biya sai da dubbai. Ita ce hanyar kamfanoni irin su Murphy Models da Irish Railway Models masu sayar da kaya a haɗe. Ƙananan masu ƙira kuwa sukan yi aiki da fallen tagulla da ake zana sassa a jikinsa, ko ruwan roba mai daskarewa da ake kira rezin, ko na'urar ɗab'i mai fitar da siffar abu gaba ɗaya daga zanen kwamfuta. A waɗannan hanyoyi jarin farko kaɗan ne, amma kowane ƙunshi ya fi tsada.

Mataki na huɗu: rarrabe yabo da ciniki

Shaidar bukata hawa-hawa ce. Mafi rauni ita ce yabon da ake yi a wurin baje koli, domin ba ya cin ko kwabo. Sama da shi akwai rubuta suna da adadi bayan an ji farashi. Mafi ƙarfi shi ne kafin alƙalami. Tambayar da ba ta ɗauke da farashi ba ta auna komai, domin bukata a ilmin tattalin arziki ita ce so haɗe da iko da niyyar biya.

Su ma masu saye suna da hujjar yin ɗari-ɗari, domin ba a cinikin biri a sama. Cikin 2019 wani ƙaramin kamfanin jiragen kwaikwayo a Birtaniya ya durƙushe bayan ya karɓi kuɗin mutane a kan kayan da bai kai ga ƙerawa ba. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce a nuna samfuri a zahiri, a faɗi farashi da lokacin fitowa, a bayyana mafi ƙarancin odar da za a fara aiki da ita, sa'an nan a yi alkawarin mayar da kuɗi idan ba ta cika ba.

Abubuwan lura

Kada a manta da kuɗin da ke hawa kan mai saye bayan farashi. Tun daga Janairun 2021, da Birtaniya ta kammala ficewa daga kasuwar Tarayyar Turai, kayan da ke tsallaka teku tsakaninta da Jamhuriyar Ailan suna bi ta hannun kwastan, kuma harajin saye kashi 23 ne cikin ɗari a Ailan, 20 a Birtaniya. Bugu da ƙari, irin wannan kasuwa tana saurin ƙoshi: zubin farko yakan kwashe masu ɗoki, na biyu ya daɗe a kan kanta. Sa'an nan idan babban kamfani ya ba da sanarwar fito da irin taragon a haɗe, da yawa za su fasa ƙunshi su jira.

Ga mai karatu da ke shirin fito da sabuwar haja, ko wace iri ce, tambayoyin ba su canza ba: su wa suka rage bayan tacewa, guda nawa kowa zai ɗauka, a wane adadi jari zai dawo, kuma nawa ne daga cikin masu cewa suna so suka ajiye kuɗi. Idan adadin da aka biya wa kafin alƙalami bai kai na mayar da jari ba, to a rage girman shirin, ko a sauya hanyar ƙira, ko a dakata.