Amsoshin Tambayoyinku: Na zare kile, makin ɗalibaina ya ƙi buɗewa

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a karkarar Dungas. Na kai makin ɗalibaina Magarya aka buga mini a kwamfuta, aka zuba a kilen USB. Da na ga an gama sai na zare na kama hanya. Yanzu duk kwamfutar da na sa shi sai ta ce a yi masa fomatin. Shin aikin ya tafi ke nan? Kuma dole ne sai an danna wani abu kafin a zare?

Amsa: Malam, kafin komai, kada ka yarda kowa ya yi masa fomatin, kada kuma a ƙara zuba masa ko waƙa ɗaya. Akwai kyakkyawan zaton makin yaran yana nan ciki.

Ga yadda abin yake. Kowane kile, ko filash kamar yadda za ka ji ana ce masa a kasuwar Maigatari, yana da ɗan wurin da yake ajiye lissafin inda kowane fayil yake. Kamar rajistar ajinka ce: in ta yage yaran suna nan, sai dai baƙon da ya shigo ba zai san wane ne wane ba. Yawancin ƙananan kile suna zuwa da tsarin FAT32 ko exFAT, kuma waɗannan ba su da hanyar gyara kansu idan aka katse su ana cikin rubuta lissafin. Shi ya sa kwamfuta ta kasa gane naka.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne layin nan da ke cika a allo lokacin kwafi. Kwamfuta ta fi kile sauri nesa ba kusa ba, don haka wani lokaci takan riƙe sauran bayanan a ƙwaƙwalwarta tana tura su a hankali, alhali kai ka ga kamar an kammala. Tun sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2018 Microsoft ya rage wannan riƙon, amma yawancin kwamfutocin shagunanmu tsofaffi ne, wasu har yau Windows 7 suke ɗauke da ita. Ko a sabuwar ma, in takardar tana buɗe a Word ko Excel, ko wutar NIGELEC ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, ɓarnar ɗaya ce.

To, amsar tambayarka ta biyu: e, ka riƙa dannawa. Rufe duk takardar da ka buɗe daga kilen. A ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo, akwai ɗan hoton kile. Danna shi ka zaɓi Éjecter, ko Eject in kwamfutar da Ingilishi take. Jira saƙon da ke cewa ana iya cirewa. In kilen mai ɗan haske ne, bari ya daina ƙyaftawa. Idan ta ce ana amfani da shi, kada ka fizge; ka duba abin da ya rage a buɗe, in ya gagara ka kashe kwamfutar gaba ɗaya sannan ka zare. Haka nan wayar Android, a cikin saitin ma'ajiya ake sallamar memori kafin a cire shi.

Na san shagon yakan cika, ga mai kabu-kabu yana jira, ga nisan hanya. Amma yawanci abin ba ya wuce daƙiƙa goma, kuma ina ganin haƙƙin masu shago ne su yi wa abokin ciniki wannan da kansu, tunda an biya su.

Game da ceto aikinka, nemi wanda ya san manhajar PhotoRec, kyauta ce. Tana bin cikin kilen tana tsinto fayiloli ba tare da ta dogara da lissafin da ya lalace ba, ko da yake sunayensu sukan canza. Sharaɗi ɗaya: abin da aka tsinto a ajiye shi a kwamfuta, ba a kan kilen ba. In ba a dace a Magarya ba, a cikin Damagaram ba za a rasa mai yi ba. Sai makin ya dawo hannunka ka buɗe ka gani, sannan a yi fomatin.

Idan ya sake yin haka bayan ka kiyaye, to ka zargi kilen kansa. Akwai na jabu da ake rubuta musu giga 64 alhali abin da suke ɗauka bai kai rabin haka ba. Da sun cika sai su fara cinye tsofaffin fayiloli. Manhajar H2testw tana tona asirinsu. Zango mai zuwa kuma, kafin ka bar shagon, sa a tura maka kwafin makin ta WhatsApp, ka kuma riƙe na takarda har sai an raba wa yara sakamako.