Kafin ranar difens, san inda Maven yake ɗauko kaya

A zangon da ya wuce wani abokin karatuna ya kai furojet ɗinsa na Java wajen malamin da ke duba shi. A ɗaki manhajar tana aiki lafiya lau, amma da aka buɗe ta a kwamfutar ofis sai jan rubutu ya cika allo. Shi bai yi kuskure a rubutunsa ba. Maven ne ya nemi wasu fayiloli a intanet, sabis kuma babu, aka ce ya dawo mako mai zuwa. Mu 'yan shekarar ƙarshe mun san abin da mako guda yake nufi a wannan lokacin.

Da yawanmu muna amfani da Maven ba mu san aikinsa ba, kawai NetBeans ko IntelliJ ne ya ɗora mana shi. To ga yadda abin yake. Manhajarka tana dogara da aikin wasu, misali laburaren da zai haɗa ta da MySQL. Maimakon ka riƙa farautar fayilolin jar ɗaya bayan ɗaya, sai ka rubuta abin da kake so a cikin pom.xml, shi kuma Maven ya je rumbu ya ɗauko. Kowane ƙunshi yana da adireshi mai sassa uku: groupId, artifactId da version. Na MySQL ɗin shi ne com.mysql, sai mysql-connector-j, sai lamba kamar 8.0.33. Harafi ɗaya ya kuskure, ba zai samo shi ba. Kuma idan ƙunshin da ka nema shi ma ya dogara da wasu, duk sai an jawo su, shi ya sa za ka sa layi uku ka ga data tana tafiya kamar ruwa.

Rumbunan iri biyu ne. Na nesa shi ne Maven Central, wanda Maven yake zuwa da kansa ko ba ka faɗa masa ba. Na kusa kuwa yana cikin kwamfutarka, a wata folda mai suna .m2 a ƙarƙashin sunanka na Windows, cikinta akwai repository. Maven yana fara leƙa na kusa, sai bai samu ba yake fita waje. Wannan ne sirrin abin da ya faru da abokina: laftof ɗinsa tana da kayan, ta ofis ba ta da su.

Idan ƙunshin da kake so ba ya Maven Central, sai ka ƙara sashen repositories a pom.xml, ka ba rumbun id da url. A nan ne tsofaffin darussan YouTube suke yaudarar mutane. Tun Janairun 2020 Maven Central ya daina amsa adireshin da ya fara da http, sai https, kuma daga Maven 3.8.1 na 2021 an toshe rumbunan waje masu http gaba ɗaya. Idan ka kwafo adireshi daga bidiyon 2017 ya ƙi, fara duba wannan harafin na s kafin ka zargi kamfanin layinka.

Akwai fayil na biyu, settings.xml, wanda ake ajiyewa a cikin .m2 (ba ya zuwa da kansa, kai za ka ƙirƙira). Shi na kwamfutarka ne kaɗai, ba ya bin furojet. Waɗanda suka yi SIWES a kamfanin manhaja wataƙila sun ga suna da rumbunsu na cikin gida, irin Nexus ko Artifactory. A sashen mirrors ake sa adireshinsa, idan kuma aka sa tauraro a mirrorOf, duk buƙata ta nan za ta bi. Sunan shiga da kalmar sirri suna zama a sashen servers, kuma dole id ɗin ya yi daidai da na rumbun. Don Allah kada ka sa kalmar sirri a pom.xml, domin shi ne fayil ɗin da kake turawa GitHub kowa ya gani.

Sai wani abin haushi da ya dace da irin sabis ɗinmu. Idan sauke fayil ya gaza, Maven yana ajiye wata shaida mai ƙarewa da .lastUpdated, sai ya ƙi sake gwadawa ko sabis ya dawo. Ba sai ka goge komai ba. Rubuta mvn -U clean package zai tilasta shi ya sake nema. In ya ƙi, goge foldar wannan ƙunshin kaɗai a cikin repository. Na taɓa goge .m2 dukanta cikin fushi, datar sati guda ta tafi a dare ɗaya.

Yanzu shirin difens. Ranar da ka samu sabis mai kyau, rubuta mvn dependency:go-offline, sannan ka bi shi da mvn clean package, domin na farkon ba kullum yake kwaso komai ba. Daga nan kashe data, ka gwada mvn -o clean package. Wannan -o ɗin yana hana shi fita intanet sam. Idan ka ga BUILD SUCCESS, kwafi foldar repository ɗin a filash tare da furojet ɗinka. Duk kwamfutar da aka ba ka ranar, zuba ta a .m2 ɗinta, ka tabbatar Java ɗin da ke kanta bai gaza wanda ka yi aiki da shi ba. 'Yan rukuninku ma za su iya kwafa daga filash ɗin, mutum ɗaya ya sayi data ya wadatar da biyar.