MUNSHARIN DA KE ƊAUKE NUMFASHI: DARASI GA MAGIDANTA



'Yan uwa, ina yawan samun tambaya daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a kan mutumin da kullum Asuba ke wuce shi, ranar Juma'a kuma liman na huɗuba yana gyangyaɗi. Wasu su ce kasala ce, wasu su ce aljani ne. A yankinmu kuwa sai a ɗora wa rashin tsaro, tunda mutane da yawa kwana suke ido biyu. To, akwai wani dalilin da nake so mu sani.

Wani munsharin ciwo ne. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa kan saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, sai ya zabura ya ja iska, ya koma barci bai ma sani ba. Idan ya kai sau 30 a awa guda, likitoci na lissafa shi mai tsanani. Ƙiba na ƙara shi. Yana jawo hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ka ɗauka direba ne mai wannan lalura ya kwaso fasinjoji daga Funtuwa zuwa Sheme, rayuka nawa ne a hannunsa?

Akwai na'ura mai suna CPAP, wadda likita Colin Sullivan na Ostireliya ya fito da ita a 1981. Iskar ɗaki take hurawa a hankali ta tiyo zuwa takunkumin hanci, hanyar ta zauna a buɗe har gari ya waye. Likita ne ke saita ƙarfinta bayan gwajin barci, don haka kada a ari ta maƙwabci. Kullum ake sa ta, kuma tana son wuta, mai ita sai ya tanadi sola ko batir.

Wanda bai da halin saye, ya rage ƙiba, ya bar kwanciya rigingine ya koma gefen dama kamar yadda sunna ta koyar, ya guji maganin barci barkatai.

Uwargida, ke kike jin lokacin da numfashinsa ke tsayawa. Ki faɗa masa cikin ladabi, wannan ba tonon asiri ba ne. Maigida kuma ka fara da asibiti mafi kusa, su tura ka Katsina ko Shika wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya. Amin.