Ka Bar wa Iska Hanya, Ɗana

Ɗana, na duba zanen kantocin da ka yi wa gonar cikin ɗaki, kuma hannunka ya faɗa, Allah ya yi maka albarka. Sai dai na lura hankalinka duk ya tattara wuri guda: hawa nawa za ka cusa tsakanin daɓe da rufi. Ka rage tazara, ka matse lungu, kana murna ka ci riba. Zauna tukuna.

Latas ba kwali ba ne da za ka jera a sito ka kulle ƙofa. Kusan duk ruwan da saiwarsa ta sha, ta ganye yake fita ya koma iska. Fitilun LED ɗin da ka rataya a kansa kuwa, wutar da suka ci mafi yawanta zafi take zama a ƙarshe, sai na'urar sanyaya ɗaki ta kwashe shi. To idan ka danne hawa a kan hawa, ina danshin nan da zafin nan za su bi? Can tsakiyar kanta za su kwanta, inda fankar bango ba ta kaiwa.

Ga abin da zai biyo baya. Wata rana ma'aikaci zai buɗe zuciyar latas da yatsa, ya tarar bakin ƙananan ganyen ciki ya yi launin ƙasa, ya bushe kamar an gifta masa wuta. Ba cuta ba ce, ba kuma taki ne ya gaza ba. Sinadarin kalsiyam tare da ruwa yake hawa jikin tsiro, kuma ganyen da ba ya fitar da ruwa ba ya samunsa. Ganyen ciki yana lulluɓe cikin iska mai danshi wadda ba ta motsi, ga haske yana ta ingiza shi ya girma da sauri. Mai saye ba zai ɗauki wannan ba ko kyauta. Shi ya sa masu aikin kan bar wajen santimita 40 zuwa 50 tsakanin hawa da hawa don latas, wasu har su ja bututun iska a kowane hawa yana hurawa daga sama zuwa tsakiyar tsiron. Ka zana hanyar iska tun kafin ka zana ƙarfe.

Sai mutum. A zanenka ban ga inda zai tsaya ba. Wa zai hau tsani da tire mai nauyi cike da ruwa, sau ɗari a wuni? Ka dubi abin da Jack Ng ya yi a Singafo, ƙasar da ke shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinta daga waje. Gonarsa ta Sky Greens, wadda ta fara kasuwanci a 2012, hasumiyoyi ne masu tsawon da ya kai mita 9, kuma kwamin shukar ne ke zagayawa a hankali da ƙarfin ruwa. Kowane kwami ya hau sama ya sha rana, ya sauko ƙasa ya sha ruwa, ma'aikaci yana tsaye a daɓe shukar ta zo ta same shi. Da rana yake noma ba da fitila ba, na sani, amma dabarar kawo tsiro wurin hannu tana nan a ɗauka. Idan kuma lungunan ne ke ci maka rai, ɗora kantocin a kan tayoyi da layin ƙarfe, lungu guda ya riƙa buɗewa inda ake aiki.

Wurin da ake cin filin gaske ma ba a tsawo yake ba. Ɗan tsiro mai mako biyu bai kai faɗin tafin jariri ba, me zai sa ka ba shi gurbin babban latas tun ranar farko, fitila tana ta haska farar roba a banza? A shuka iri a matse, a yi dashe, a ƙara buɗa tazara yayin da ganye ke faɗi. Ka ƙera tire da kwami da za su sauƙaƙa wannan sauyin, nan basirarka za ta yi amfani.

Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma manyan kamfanonin noman cikin ɗaki sun riga ka shiga. AeroFarms ta Newark a Amurka ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a 2023. Bowery ta rufe a 2024, Plenty ita ma ta je kotu a 2025. Ba fili suka rasa ba, gine-ginensu abin kallo ne. Kuɗin wuta, da albashi, da tsadar injuna ne suka fi abin da ganye ke kawowa. Don haka idan mai kuɗi ya tambaye ka hawa nawa, ka mayar da shi ga tambayar da ta fi: kilo nawa na ganyen da zai sayu ake samu daga wutar da aka biya?

Abu ɗaya ya rage, wanki. Inda haske ya taɓa ruwan taki, gansakuka za ta fito, ba makawa. Kowane kwami ya zama mai ciruwa da hannu ba sai an nemo sifana ba, ka ɗan karkata shi ruwa ya tsiyaye, kada ka bar kusurwar da buroshi ba zai shiga ba. Kafin a yanka ƙarfen ɗakin gaba ɗaya, ka haɗa kanta guda ka noma latas a kanta har girbi, sannan ka miƙa wa wanda zai riƙa wanke ta ya faɗa maka inda ta yanke masa hannu.