Mai Wanke Kwanuka Ya Zama Gwanin Wasan Kwaikwayo

Sana'o'in duniya iri iri ne. Wani manomi ne, wani maƙeri, wani malamin makaranta. Akwai kuma 'yan wasan kwaikwayo, watau masu fitowa gaban jama'a, ko a dandali ko a silima, su kwaikwayi halin waɗansu mutane. Mai kallo yakan zaci aikin nan ba wuya. Labarin Sidney Poitier ya nuna ba haka ba ne.

An haifi Sidney a shekarar 1927. Iyayensa manoman tumatir ne a wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Bahamas, kusa da Amurka. Tsibirin nan ko wutar lantarki babu. Sai da Sidney ya shekara 10, suka ƙaura zuwa birnin Nasau, sa'an nan ya fara ganin silima. Bai daɗe a makaranta ba talauci ya fisshe shi, ya shiga aikin ƙarfi.

Da ya shekara 15 aka tura shi Amurka wurin wansa. Shekara ta kewayo ya wuce birnin Niyok shi kaɗai, ba dangin iya ba na baba. Ya sami aikin wanke kwanuka a gidajen sayar da abinci. Wani lokaci ko wurin kwana ba shi da shi, sai ya hau rufin bene ya lulluɓa da tsofaffin jaridu.

Rannan yana duba jarida, sai ya ga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙar fata a unguwar Harlem tana neman 'yan wasa. Ya tafi don a gwada shi. Ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar, Frederick O'Neal, ya miƙa masa takarda ya ce ya karanta. Sidney ya yi ta tuntuɓe, kalma ɗai ɗai, ga shi kuma karin harshen tsibirinsu ya yi masa katutu. O'Neal ya fusata, ya kai shi bakin ƙofa, ya ce ya daina ɓata wa mutane lokaci, ya je ya nemi aikin wanke kwanuka. Bai san aikin da yaron ke yi ke nan ba.

Maganar nan ta yi wa Sidney zafi ƙwarai, amma bai tsaya zage-zage ba. Ya duba ya ga abu biyu suka kā da shi, ƙarancin karatu da rashin iya faɗar kalmomi sosai. Ya sayi rediyo mai araha, kullum dare sai ya saurari masu karanta labarai, yana maimaita abin da suka faɗa. A wurin aikinsa kuwa akwai wani dattijo Bayahude mai kai wa baƙi abinci. Da ya ga yaron yana fama da jarida, sai ya riƙa zama da shi in an tashi aiki, yana nuna masa ma'anar kalmomi, da inda ake dakatawa, da inda ake tsayawa.

Bayan wata shida Sidney ya koma, aka karɓe shi don gwaji. Da ya ga ana shirin sallamarsa, sai ya roƙa a bar shi ya riƙa share gidan wasan, ladansa shi ne a ci gaba da koya masa. Aka yarda.

A wasan dandali, babban ɗan wasa yana da na ko-ta-kwana, wanda ke haddace maganganunsa duka don ranar da ba ya nan. Aka sa Sidney ya zama na ko-ta-kwanan Harry Belafonte. Wata rana Belafonte bai sami zuwa ba, Sidney ya tsaya a madadinsa. Ashe cikin masu kallo akwai wani mai shirya wasanni. Ya ga Sidney, ya ba shi ɗan wuri a wasansa a 1946. Daren farko tsoro ya kama Sidney, ya rikita maganganunsa, jama'a suka yi ta dariya. Wasan bai daɗe ba aka rufe shi, amma aka ɗauke shi a wani, ya yi yawo da shi gari gari.

A 1950 ya fito a matsayin likita cikin wani silima mai suna No Way Out. Duk da haka aiki yakan zo ya yanke, har ya buɗe gidan sayar da abinci don ya ciyar da iyalinsa. Cikin wannan matsi aka yi masa tayin wani wasa da kuɗi masu kauri. Ya ƙi, don ya ga mutumin da za a sa ya kwaikwaya ba shi da mutunci irin wanda iyayensa suka koya masa.

A 1964 aka ba shi kyautar Oscar saboda wasansa cikin Lilies of the Field. Shi ne baƙar fata na farko da ya ci wannan kyauta ta gwanin 'yan wasa maza. Ya rasu a 2022, yana da shekara 94.

Hausawa sun ce, in ka ji wane ba banza ba. Ran da Belafonte bai zo ba, da Sidney bai iya karatu ba, da bai haddace kome ba, da kuwa mai shirya wasannin nan ya tashi bai ko tambayi sunansa ba. Saboda haka yaron da ke sha'awar wannan sana'a, aikinsa na fari yana cikin aji, sa'ad da malam ya ce ya tashi ya karanta da ƙarfi.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kori Sidney ran da ya fara zuwa gwaji?
2. Ta waɗanne hanyoyi biyu ya gyara kansa?
3. Mene ne aikin na ko-ta-kwana?
4. Don me ya ƙi wasan da aka yi masa tayi, alhali yana cikin matsi?